Teku a Waje, Wanka a Ciki

Jirgin ruwan Icon of the Seas, wanda ya fara tashi daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa kusan mita 365 ne, yana kuma ɗaukar fasinja har 7,600. Gari guda ke nan, mai unguwa kawai ya rasa.

Ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, amma sai da aka gina masa wuraren ninkaya 7. Mutum ya zuba daloli don ganin tsibiran Karebiyan, ya ɓuge da kwanciya a gefen wuraren ninkayar, faranti bisa tumbi.

Ranar da aka sauka CocoCay a Bahamas, fasinja na ta murna ya taka ƙasar wasu. Ashe tsibirin ma a hannun Royal Caribbean yake, mai jirgin, kuma filin wasan ruwan tsibirin sai an sake biya.