Masu Shan Gahawa a Gidan Jirgin da Ya Daina Tashi

A filin jirgin saman JFK da ke New York akwai wani gini mai siffar tsuntsu ya buɗe fukafukai. Kamfanin jiragen sama na TWA ne ya buɗe shi a 1962, zanen Eero Saarinen ne, wanda ya rasu kafin a kammala. Kamfanin ya durƙushe a 2001, American Airlines ya haɗiye shi, sai a 2019 aka mayar da ginin otal mai ɗakuna 512 da wuraren cin abinci da shan gahawa. An bar jan kafet ɗin nan, da tarho mai lambobin juyawa, da allon tashin jirage mai ƙaraf-ƙaraf. A waje kuma an girke wani jirgi ƙirar Lockheed Constellation na 1958, da ake wa laƙabi da Connie, an mayar da cikinsa wurin zama da shaye-shaye. Wuri irin wannan ba ya rasa mutanensa.

Wanda za ka fara cin karo da shi ɗan bana-bakwai ne mai kewar zamanin da bai gani ba. An haife shi bayan zuwan wayar salula, amma zai kurɓi gahawa ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Da can ake tafiya ta mutunci." Bai san cewa a wancan zamanin na kusa da shi na iya kunna taba tun daga New York har Paris ba, kuma kuɗin tikitin ya fi ƙarfin kakansa. Ƙyale shi, kewa ba ta buƙatar shaida.

Can a kusurwa akwai wadda ta gani da idonta, tsohuwar ma'aikaciyar jirgi. Ta zo duba ko an yi daidai, kuma ba a yi ba. Za ta tsaya gaban gilashin da aka jera tsofaffin yunifom, ciki har da waɗanda Valentino da Ralph Lauren suka tsara, ta girgiza kai ta ce ba haka ake karkata hular ba. Yarinyar da ta kawo mata gahawa ma sai ta sha gyara a kan riƙon tire. Ni dai ba na ganin laifinta. Wa zai ji daɗi ya tarar da kayan aikinsa a gidan tarihi alhali yana da ransa?

Amma babban abin tsoro shi ne masanin jirage. Kamara a wuya, ɗan littafi a aljihu, idonsa na farautar wanda za su haɗa ido. Kuskure ɗaya, ka ce "kai, jirgin nan ya yi kyau," shi ke nan ka shiga uku. Zai gaya maka Howard Hughes ne ya sa Lockheed ya ƙera wa TWA irinsa, kuma an yi masa jela uku gajeru ne don ya iya shiga rumfunan ajiye jirage na lokacin. Zai ƙara da cewa injinansa huɗu ne masu farfela, amma saboda yawan lalacewarsu har ana yi masa ba'a da cewa shi ne zakaran jirage masu inji uku. A nan zai fashe da dariya shi kaɗai. Matarsa na gefe tana latsa waya, ta ji labarin tun suna saurayi da budurwa.

Mai ɗaukar hoto ba ta da wahalar ganewa: kofi ɗaya a gabanta, ya huce tun ɗazu, tarho a kunne tana murmushi ga wanda ba ya kan layi. Yara kuwa sun tsaya suna latsa lambobin tarhon, sun rasa dalilin da ya ƙi haske.

Sai namu. Alhaji ya kawo ɗansa karatu, ya zauna da babbar riga a kan jar kujera, ya ɗauki takardar farashi.

"Kai, nawa ne wannan a kuɗinmu?"

"Baba, ka bari kawai."

Ba zai bari ba. Zai buga lissafi, ya yi salati, sannan ya nemi shayi. Aka kawo ruwan zafi da ɗan ƙullin ganye a gefe, ya leƙa kofin ya ce, "To ina shayin?" Jirgin Connie kuwa leƙe ɗaya ya yi masa, ya ga kwalaben da aka jera, ya juyo yana a'uziyya. Amma da ya ga hotunan bango sai jikinsa ya yi sanyi, ya tuna Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai, wanda DC-10 ɗinsa ke tasowa daga Legas ya sauka a wannan filin, kafin ya daina tashi a 2003. Ya juya ga masanin jirage don ya nuna masa mu ma da tarihinmu: jirgin sama na farko da ya sauka a Najeriya a Kano ya sauka, a 1925. Masanin ya gyara zama, ido na ƙyalli, ya ce guda uku ne, na sojan saman Birtaniya, ƙirar DH.9A, daga Masar suka taso. Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya ce wa ɗansa da Hausa, "Tashi mu nemi alƙibla."

Na ƙarshe shi ne wanda aka ɗage masa tafiya. Ya biyo wata doguwar hanya mai jan kafet daga tasha ta 5 ta filin jirgin, ba ruwansa da Saarinen, ba ruwansa da Connie, soket kawai yake nema ya yi cajin waya. Duk lokacin da allo ya yi ƙaraf-ƙaraf sai ya zabura ya ɗaga kai yana neman lambar jirginsa. Idan ka gan shi, don Allah ka taimaka ka gaya masa ya duba wayarsa, domin allon na ado ne. Rabon jirgin TWA da tashi tun ranar 1 ga Disamba, 2001.