Bawana Bayarabe, Wuƙarka Ta Kawo Ƙara

Bawana na Mokola! 'Yar wuƙar nan mai kube da na sa maƙeri ya ƙera maka da guntun sifirin mota, ita na gani a hannun yaronka yana ta fama da tumatir, tumatir yana turjewa. Baki duk giɓi, jiki ja wur. Na san a Ibadan tsatsa ado ce, duk wanda ya hau gadar Mokola ya hangi rufin kwanon garin zai shaida, amma wa ya ce ka yi wa wuƙa kwalliyar garinku?

Kube ya fara cin amanarka. Nan ba Sabon Birninmu ba ne da rana ke busar da komai. Ruwa ake yi tun Afrilu har Oktoba, fata kuwa in ta sha laima riƙewa take yi, baƙin ƙarfe yana ciki yana ruɓewa. In ka gama aiki ka wanke ta, ka goge ta bushe ƙarau, ka shafa ɗigon man gyaɗa. Ɗigo na ce, don na san hannunka da manja. In za ta daɗe a ajiye, raba ta da kuben. Tsatsar da ta riga ta hau kuma, toka da jiƙaƙƙen tsumma sun ishe ta.

Ka daina kai ta wurin mai inji ana gobe Sallar layya. Tartsatsin da kake kallo kana washe baki, wuƙarka ce ke ƙarewa, zafin kuma yana kashe taurin da maƙeri ya ba bakinta. Tsallako unguwar Sabo da la'asar ka tsaya gaban mai tsire. Dutsensa na gefe, ya yayyafa masa ruwa, ya kwantar da wuƙa, ya ɗan ɗaga bayanta, ya ja daga gindi zuwa tsini, hannu bai sauya karkata ba. Sai ya ji wani siririn leɓe ya tasa a ɗaya gefen kafin ya juya ta. Ba ya jira ta dakushe. Kaɗan-kaɗan yake taɓa ta, shi ya sa namansa ke fitowa falle-falle. Kai kuwa da ita kake sarar ƙashi, da ita kake buɗe gwangwani, alhali adda tana jingine a bayan ƙofa.

Leɓen nan da fata ake kawar da shi, yadda wanzami ke goga aska, bakin yana bin baya. Ya kamata a ce ka gaji wannan. Tun kafin a yanka wa Hausawa Sabo a 1916 mu Gobirawa muke tare da ku, malaminku Samuel Johnson ma, a littafinsa na tarihin Yarabawa da ya fito a 1921, cewa ya yi Oduduwa da sarkin Gobir duk 'ya'yan Lamurudu ne, ya kafa hujja da tsagen fuska. Da irin wuƙarka aka yi wa kakanka tsage, da har yau ana kan kunci na farko.

Kawo ta ranar Juma'a in an sauko masallaci, in wasa maka. Ladana goro fari ƙwarya guda, kuma kada ka gwada kaifin da yatsa a gabana, ba ni da kuɗin asibitin bawa.