Ranar da kafinta ya kira ni wawa a Malam Atta

Benci ne ya jawo mini. Kwanana uku da sauka Ankara (ta Gana nake nufi, ko da yake Turkawa ne suka gina ƙaton masallacin nan na Kanda da aka buɗe a 2021), na je gaida ƙanwata inda take sayar da waakye a bakin titi a Nima. Waakye ɗin nan shinkafa da wakenmu ne, an jefa masa karan dafi ya yi ja, aka lanƙwasa masa suna. Ta zubo mini, na yi bismillah, na zauna. Benci ya ce ƙaras, ya rabe biyu. Da ni da kwano da dafaffen ƙwai, kowa ya kama gabansa.

"Yaya, ba komai, dama ya tsufa," in ji ta. Amma na ga yadda masu sayen abinci suke satar kallon tumbina. Nan take na yi alkawarin sabon benci daga aljihuna.

Ɗanta ya ce, "Kawu, bari in raka ka, na san kafintocin." Na ce ya yi zamansa. Shekara 31 ina koyar da Turanci a firamare a Zariya, sannan a haɗa ni da tafinta a ƙasar da Turanci ne harshen gwamnatinta? Daren nan na kwana da ƙamus da littafin rubutu, ina haddace kalmomin kafintoci. A nan na gane cewa Bature bai tsaya ya raɗa wa kayan aikinsa suna ba, aro ya yi ta yi a cikin gida. Ƙusa "nail", farce ma "nail". Zarto "saw", wanda ya ga abu jiya shi ma "saw". Magagari da fayil ɗin ofis sunansu ɗaya. Abin da ake karce fuskar katako da shi ya yi sumul kuwa takwaran jirgin sama ne. Wadda ta fi burge ni ita ce "dovetail", wutsiyar kurciya ke nan, wani haɗi da ake yi wa katako ya sarƙe ba ƙusa. Kafin asuba ina da kalma 60 a ka, ina jin ko a Landan aka ajiye ni zan iya buɗe shago.

Da hantsi na saɓa babbar riga na nufi Kasuwar Malam Atta da ke New Town, ba nisa daga Nima. Na ratsa masu doya da manja da busasshen kifi, har na jiyo kukan zarto a wani lungu. Kafintan dattijo ne, da fensir a bayan kunne, kowa na ce masa Efo, yadda ake kiran mazan Ewe don girmamawa. Na gyara murya na zuba masa Turanci irin na sarauniya: benci nake so, tsawonsa ƙafa shida, a yi masa wutsiyar kurciya a kowace kusurwa, a goge shi da samfefa.

Ya saurare ni har na dire. Sai ya zare fensir, ya nuno ni da shi, ya ce:

"Wawa?"

Na waiga dama da hagu. Na ce da Turanci ya maimaita. Shi kuma ya zaci kurma ne ni, sai ya ɗaga murya har masu tattasai suka juyo: "Wawa! Wawa!" Ya ƙwala wa yaron shagonsa kira, ya sake nuno inda nake tsaye, ya ce wai wannan "fes kilas wawa" ne, ba irinsa a duk kasuwar.

An sha zagina a duniya, har iyayen yaran da na zane sun yi, amma ba wanda ya taɓa ba ni daraja ta ɗaya. Turancin sarauniya ya gudu ya bar ni. Na koma Hausar Zazzau tsantsa, ina gaya masa ko ni wane ne, da yawan ɗaliban da na yaye, da shekarar da na sauke farali. Efo ya buɗe baki yana kallona. Da na tsagaita in ja numfashi, sai ya tambaye ni cikin ladabi, wawa guda nawa nake so.

Wata Hajiya mai daddawa ce ta cece mu. Ta taso tana share hawayen dariya da gefen mayafi, ta ce da Hausar Zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji: "Malam, juya ka ga wawan." Na juya. Tulin fararen falankai ne jingine a bayana.

Ashe wawa sunan itace ne da harshen Twi. Shi ne obeche ɗin da kafintocinmu suke yi wa makarantu benci da shi, wanda na yi shekara 31 ina buga wa bulala don yara su yi shiru. A Kwaddibuwa samba ake ce masa, a Kamaru ayus. Fari ne, ba nauyi, ga araha, sai dai ƙwari na son sa. Duk kalmomina 60 babu shi a ciki, alhali da shi ake fara ciniki.

Mai hankali da ya yi dariya ya biya kuɗin wawa ya tafi. Ni kuwa idon jama'a na kaina, sai na ce ba zan kai wa ƙanwata abu mai wannan suna ba, a kawo wanda ya fi kowane tsada. Efo ya ce odum ke nan. Shi ne lokonmu, iroko a bakin Yarbawa, itacen da gara ke gani ta canja hanya. Na tambayi kuɗi, ya ce miliyan shida. Na dafa bango. Hajiya ta sake shigowa: tun 2007 aka yanke wa sidi sifiri huɗu, amma bakin 'yan kasuwa bai samu labari ba, sidi 600 yake nufi. Maganar wutsiyar kurciya kuwa, Efo ya ce wannan aikin aljihun tebur ne, ba a yi wa benci.

Bayan kwana biyar benci ya fito, kyakkyawa, yana sheƙi. 'Yan mata biyu masu dako, waɗanda ake kira kayaye, suka taɓa shi suka ce Allah ya ba da sa'a. Sai da na ɗauki hayar aboboya, babur mai ƙafa uku, ya kai shi Nima.

Ƙanwata ta zagaya shi, ta gwada ɗaga gefe ɗaya, ta ajiye. "Yaya, an gode, Allah ya saka da alheri. Amma ka san kullum da asuba ni nake fitar da benci bakin titi, in dawo da shi da azahar?" Ta yi shiru kaɗan. "Da wawan ka kawo mini."

Ɗanta ya ruga waje yana tari.

Washegari ta aike shi Malam Atta ya sayo mata na wawa, da hannu ɗaya ya shigo da shi. Nawa yana tsakar gida inda mai aboboya ya sauke shi, ana shanya barkono a kai, yaran gidan kuma har na baro Gana Kawu Fes Kilas suke kirana.