Ciki da Falo, Har da Wurin Wanki

Duk wanda ya fito neman ciki da falo a Ƙofar Jatau ta birnin Zariya, kuma ya kafe sai mai ruwa da wurin wanki a ciki, to ya shirya haɗuwa da wasu bayin Allah kafin mabuɗi ya zo hannunsa.

Dillali ne zai fara tarbarka. Yana kan benci a bakin titi, waya biyu a hannu, tarin mabuɗai na ƙara a aljihu. Bakinsa bai san "babu" ba. "Akwai, Yallaɓai, sabo fil, shiga kawai za ka yi." Ka biya kuɗin ganin gida, ka biya acaɓanka da nasa, ku yi ta kutsawa lungu har ka manta ina gabas take. Ka tambayi ruwa, ya ce ruwa sai ka gaji. Famfon kuwa yana nan, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Ka tambayi wurin wanki, ya nuna maka bakin kwata, ya ƙara da cewa iska na kaɗawa sosai a wurin. Idan ka yi kukan tsada, ya tuna maka an cire tallafin mai tun watan Mayun 2023, siminti ya tashi, alhali ɗakin na ƙasa ne, azararsa ta ga zamanin En'e. La'adarsa kashi goma cikin ɗari, ita kam ba a taya ta.

Kada a ga laifinsa da yawa. Ƙofar nan sunan Sarkin Zazzau Jatau ta ci, kuma ɗansa Abu Ja ne ya kafa tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828. Ina jin shi ya sa dillalan unguwar ke ganin suna da gado a farashin Abuja.

Daga nan sai Alhaji mai gida, wanda ke zaune a sashen gaba. Shi kuɗinka bai dame shi ba tukuna, asalinka yake nema. "Ɗan gidan wa ne kai? Kana da iyali?" Idan tuzuru ne kai, magana ta ƙare a zaure. Idan ka ce karatu kake a Kongo ko Samaru, sai ya dubi askinka ya ce zai yi shawara. Wanda ya tsallake kuma ga doka: ana rufe ƙofa ƙarfe goma, wanki ran Asabar, rijiya ba ta son guga biyu.

Gara shi sau dubu a kan magada. Ka biya Yaya Babba kuɗin shekara, sati na zagayowa Gwaggo ta yi sallama ta ce ɗakin nan rabonta ne, wata na kamawa ƙaninsu ya iso daga Kano da takardar kotu.

Amma gwanin ban tausayi shi ne mai injin wanki. Yawanci an yi masa canjin aiki ne zuwa asibitin Shika, ko ya dawo gida daga Abuja da ra'ayoyi. Ranar tarewa yaran unguwa suka bi kwalin har ƙofar ɗaki, ana gardama ko firji ne. Abin da bai lissafa ba, injin abu biyu yake so a lokaci guda, wuta da ruwa, su kuwa a birnin nan kishiyoyi ne, idan ɗaya ta shigo ɗaya ta fita. Sai ka gan shi yana sayen ruwan kura yana ɗura wa injin da bokiti. Ƙarfe biyun dare a kawo wuta, ya zabura ya kunna, gida ya ɗauki ruri, yaran maƙwabta su farka da kuka. Minti goma a ɗauke, shaddarsa ta kwana cikin kumfa, ga ɗaurin aure da hantsi. Ƙarshen wata kuma a kira taron mita, kowa ya rantse injin nan shi kaɗai yana shan wutar ɗaki biyar. Je ka bayan wata shida: an lulluɓe injin da leshi an jera kuloli a kai, kayan Malam kuwa suna wurin mai wanki da guga, wanda dutsensa na gawayi bai taɓa jiran kowa ba.

Kafin injin ya yi ritaya, akwai wadda ta ci moriyarsa. "Maman Abba, tunda kun kunna, ga 'yan kayan yara kala biyu." Kala biyun nan ƙullin zani ne, har da labule da bargo. Ita ce kuma mai aron omo, kullum nata yanzun nan ya ƙare.

Tsakar gida kuwa akwai uwar igiya. Shekararta goma sha a gidan, igiyar shanya ita ta ɗaura, saboda haka rana ma tata ce. Tun asuba ta baza tsumma uku ta kama wuri. Ka kuskura ka rataya rigarka a gefe, ka dawo ka tarar an tattare ta a kan katanga, akuya na tauna hannun. Ka yi magana, ta ce iska ce.

Duk cikinsu mai kura ne ba ya ɗaga murya, don ya san wa ke mulki. An shekara da shekaru ana maganar aikin ruwan Zariya, har madatsa an gina a kogin Galma, shi dai jarkokinsa ba su huta ba. Da bazara ka kira shi ya wuce kamar bai ji ba, sai ka ce masa "Alhaji".

Saboda haka mai neman ɗaki, ka je ganin gida a watan Afrilu, ba da damina ba. Ka murɗa famfo da hannunka, ka leƙa rijiya, ka ƙirga ɗakunan da ke kan mita ɗaya, ka gaida uwar igiya da ladabi. Kuɗi kuma kada ka miƙa sai a gaban mai unguwa, a rubuta maka rasit.