Dillaliya ta ce sha uku

Wannan labari ba na gidan kowa ba ne, sai dai an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Wani Alhaji ne ɗan majalisa ya kawo ƙudurin tallafa wa waɗanda aka ceto daga hannun masu safarar mutane, har aka sa ranar jin ra'ayin jama'a. Daren jajibere ya tsaya tsakiyar falo da takarda a hannu yana bitar jawabinsa, Hajiya na kishingiɗe tana danna waya.

Ya faro daga 2003 da aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, ya gangaro 2015 da aka sabunta dokar. Abin da yake nema shi ne, yarinyar da aka dawo da ita daga Libiya kada a sauke ta a tasha da ƙullin leda. A ba ta masauki, likita ya duba ta, a ɗaukar mata lauya, a haɗa ta da keken ɗinki. Tsakani da Allah ƙuduri ne mai kyau, ni kaina da za a tambaye ni sai in ɗaga hannu.

Da ya zo kan abin da ya faru kusa da Arlit a watan Oktoba na 2013, inda motoci suka lalace a hamada kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe mutum 92, 52 daga ciki yara, sai muryarsa ta yi rawa. Rawar ta yi masa daɗi, ya maimaita wurin har sau biyu.

"Ke! Ina shayin Alhaji?" in ji Hajiya.

Ke ta shigo da tire tana tafiya a hankali, don butar ta fi ƙarfin hannunta. Tana da suna, amma tun ranar da dillaliya ta sauke ta da wasu yara huɗu daga ƙauye babu wanda ya tsaya riƙe shi. Tun asuba take tsaye: shara, wanke-wanke, goyon autan Hajiya. Albashinta ba ta taɓa ganin kalarsa ba. Duk ƙarshen wata dillaliya ke zuwa ta karɓa, ta cire nata, ta ce saura na kayan ɗaki ne za ta kai wa uwar.

Alhaji ya kurɓi shayi ya ci gaba, har ya iso inda dokar 2015 ta ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ɗaurin wata shida ne zuwa shekara uku. A nan ya ɗan dakata, ya leƙo ta saman tabarau.

"Hajiya, wai yarinyar nan shekarunta nawa?"

"Haba Alhaji, dillaliya ta ce sha uku."

"To, madalla. Alhamdulillahi." Ya juya shafi.

Ke ta kwashe kofuna ta koma kicin. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta taka, don sai da ita hannunta ke kai wa famfo. Ta gama ɗauraya, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da buhun shinkafa, ta kwanta tana wasa da haƙorinta mai girgiɗi da harshe. Daga falo tana jiyo Alhaji yana sake gwada wurin nan na yara 52.