Sannu da Ƙoƙari, Mai Horar da Kare da Yunwa

 Alhaji, duk layin nan an sallama maka a fannin kiwon kare, kuma ilmin naka bai wuce magana ɗaya ba, wadda kake jefa wa maigadi kullum in za ka shiga mota: "Kada ka ƙosar min da shi, in ya ƙoshi barci zai yi." Madalla da wannan basira. Likitocin dabbobi sun ƙarar da ƙuruciyarsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna karatun tumbi da hanji, kai kuwa daga kan kujerar falonka ka gano cewa yunwa ce ke tsaron gida.

Su abin da suke faɗa wahala gare shi, shi ya sa ka kyauta da ka toshe kunne. Sun ce ɗan kwikwiyon da aka yaye, daga wata 2 zuwa 3, sau huɗu yake cin abinci a yini, kaɗan-kaɗan, domin tumbinsa ƙarami ne, jikinsa kuma girma yake yi ba dare ba rana. In ya daɗe bai ci ba, sukarin jininsa kan faɗi, ya yi laƙwas, wani ma har ya shiga jijjiga. Daga wata 3 zuwa 6 a mayar da shi sau uku. In ya haura wata 6, sau biyu, safe da yamma, tsakaninsu kamar awa 12, kuma a lokaci tsayayye yadda cikinsa zai saba. A ƙasa mai zafi irin tamu, da sanyin safiya da kuma bayan faɗuwar rana ya fi. A ajiye masa kwanon minti 15 zuwa 20, abin da ya rage a ɗauke kafin ƙuda da zafi su lalata shi. Karya mai shayarwa kuwa takan buƙaci ninki biyu, har uku, na abin da ta saba ci. Sun ƙara da cewa mai ciyar da karensa a kan lokaci shi ke fara gane ba shi da lafiya, domin ranar da ya shinshina kwano ya juya baya, an san akwai magana. Dubi tsawon wannan lissafi! Wa ke da lokacinsa? Kai naka tsarin a taƙaice yake: kare zai ci abinci ranar da aka tuna da shi, in an yi saura.

Kuma ba ƙaramin kare ka zaɓa don gwada wannan hikima ba. Na gida ai bai dace da ƙofar gidanka ba. Alsatian ka sayo, irin Jamus, wanda tun 1899 da Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa ake tace jininsa don ya yini yana sassarfa a gefen garken tumaki. Dabbar da kan kai kilo 30 zuwa 40, mai ƙafafun da aka yi don tafiya, ka yi mata gata da sarƙa taku uku a bayan ɗakin janareta. Maƙwabcinka ya so ya fi ka, ya kawo na tsaunukan Kaukasus mai gashin ƙasar ƙanƙara, ya ɗaure shi ƙarƙashin rumfar kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Amma ko shi bai kamo ƙafarka wajen tsumulmular abinci ba.

Na leƙa bayan ɗakin janaretan nan, na ga aikinka da idona. Ƙasar wurin ta yi sumul ta zama da'ira, iyakar inda sarƙa ta kai, saboda zagayen da yake yi tun safe. Gashinsa ya zube, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, ƙasusuwan ƙugunsa sun yi cirko-cirko. Ƙuda sun cinye bakin kunnuwansa sun zama gyambo, kaska ta yi sahu a tsakanin yatsunsa. Kusa da shi ga amai rawaya mai kumfa, irin wanda kare ke yi da asuba in cikinsa ya daɗe wayam. Baba maigadi ya zo da tsohuwar roba, ya tsaya can nesa, ya tura ta da sanda, don shi ma tsoronsa yake ji. Kafin ya janye sandar an lashe robar, an bi ƙasar da miya ta ɗiga an lashe. Likitoci sun ce lafiyayyen kare, in ka shafa gefensa za ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin tsoka, amma ba za ka hango su ba. Kai ka sauƙaƙa wa kowa, ba sai an shafa ba. Raina ya ɓaci a wurin nan, Alhaji, kuma har yanzu bai huce ba.

Abin da ke cikin robar ma na yabo ne, don a gidanka ba a asara. Ƙanzon tuwon shekaranjiya, da sauran miyar da ta fara tsami, da ƙasusuwan kajin da aka soya wa baƙi. Miyar nan cike take da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu. Ba nan take yake faɗuwa ba. Sai bayan kwanaki a ga dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja, ya kasa miƙewa, a ce ai lalaci ne ya kama shi. Dafaffen ƙashin kaza kuwa in ya tauna tsagewa yake yi da kaifi, ya maƙale a maƙogwaro ko ya huda hanji. Yara su jefa masa cakulan, direba ya jefa masa ɓarin goro don a yi dariya, alhali sinadarin da ke cikin cakulan da goro, mai sa mutum ya wartsake, jikin kare ba ya iya fitar da shi da wuri, sai ya hargitsa masa bugun zuciya. Shi kuwa bawan Allah ba dage-dage yake nema ba. Tuwo ko shinkafa da ba yaji ba albasa, a haɗa da nama ko kayan ciki ko kifi ko dafaffen ƙwai, ko kuma abincin karnuka na buhu, a auna daidai girmansa, a ba shi safe da yamma. Wannan bai kai kuɗin man da janareta ke sha a saitin kansa ba, amma ai janareta na kawo sanyi falo, kare kuwa haushi kawai yake yi.

A wajen ruwa ma ka nuna gwaninta. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, harshe waje, kuma kowane haki ruwa ne ke fita. Kowane kilo na jikinsa na neman kamar mililita 50 zuwa 60 a yini, ke nan naka na buƙatar wajen lita 2 ko da hunturu ne, balle a bazara. Kaskon ruwansa kuwa ya yi gansakuka, sarƙa ta kifar da shi tun hantsi, ba mai komawa wurin sai gobe.

To, mu zo kan riba, tunda don tsaro aka yi duk wannan. Ka ce yunwa ce ke sa shi zafi. Gaskiyarka, ya yi zafi. Ya ciji ɗan ga-ruwa, ya yaga zanen mai aiki, 'ya'yan cikinka ba sa iya bi ta wurin. Mutum ɗaya ne tak ba zai ciza ba, wato wanda ya zo ƙarfe biyun dare da tsokar nama a leda. Ɓarayi sun san wannan tun kafin a haife mu. Su jefo ta katanga, da guba ko ba guba, karen da ya kwana biyu bai ci ba kuwa ba ya tambayar hannun da ya jefo. Masu horar da karnukan 'yan sanda da na soja, da abinci da wasa suke saka wa kare in ya yi daidai, har a koya masa ƙin karɓar abinci daga hannun baƙo, abin da ke da wuya ga dabbar da ba ta san ranar da za ta sake ci ba. Kai ka zarce su duka, ka horar da mai tsaron da kowa zai iya saye da ƙashi guda.

Maharbin ƙauye da kake raina wa wayo, wanda bai mallaki abin da ka kashe a sarƙa da keji ba, in ya dama fura yakan zuba wa karensa, in an yi kamu ya ba shi rabonsa, ya kira shi da suna ya zo da gudu. Buzayen Azawak, can tsakanin Nijar da Mali, da nono da gero suke ciyar da dogon karensu na farauta, daga abin da su kansu suke ci. Ba su waye ba ne. Da sun zo birni sun ɗauki darasi a wurinka.

In an yi maka magana sai ka ce kare ai najasa ne. Nan ma ka burge ni, ka zama malami a daidai inda ya yi maka daɗi. Mazhabar Imam Malik da muke bi ba ta ɗauki kare mai rai najasa ba, kuma cikin malaman da suka ɗauke shi najasa babu wanda ya ce a ɗaure shi a hana shi ci da sha. An yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, wanda kuwa ya riƙe, haƙƙin ciyarwa ya hau wuyansa. Cikin Buhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai haki, Allah ya gafarta masa. Akwai kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duka biyun ka ji su a wajen wa'azi, kana sahun gaba kana gyaɗa kai. Amma ai ita kyanwa ta tsare, kai kuwa kare ka ɗaure, saboda haka hankalinka kwance.

Wani lokaci tausayi kan kama Baba maigadi, ya kwance shi da dare ya je ya nemi na kansa. Ina zai nufa in ba bola ba? A can yake haɗuwa da karnukan da ba su da mai su, a yi faɗa a kan mushen kaza, ya dawo da asuba da cizo a wuya. Yunwa ba ta haifar da ciwon haukan kare, ƙwayar cuta ce da ke bin yawu ta shiga jiki ta cizo, amma yunwar ce ta kai shi inda cizon yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ne ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, har kashi 99 cikin 100 daga karnuka suke kamuwa, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Rigakafinsa allura ce da ake fara yi wa kare tun yana wata 3, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin ta a ƙasar nan. Kai ka yi tsimin kuɗin allurar, Allah ya ƙara arziki. Ranar da ya ciji almajirin da ya zo bara, aka ba yaron 'yan canji aka ce ya yi haƙuri. Ba wanda ya wanke masa ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, ba wanda ya garzaya da shi asibiti a yi masa allura. Yaron ɗan wani ne, Alhaji, uwarsa na can ƙauye tana jiran ya dawo da sauka.

Amma kada a ce ba ka da kyauta. Shekara sau ɗaya hannunka kan buɗe. Ranar Babbar Sallah, bayan an feɗe raguna, ka ce a tara kitse da ƙashi da ragowar tumbi da romo a cika masa daro, "shi ma ya san ana Sallah." Karen da ya yi wata da watanni yana lasar roba ya zura kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin daro. Ya bi da ruwa, sannan ya shiga tsalle yana fizgar sarƙa saboda hayaniyar masu yawon Sallah. Babban kare mai zurfin ƙirji irinsa, haɗarinsa ke nan: ci mai yawa a zama ɗaya, da sauri, sai tumbi ya cika da iska ya murɗe, mashiga da mafita su toshe, jini ya kasa zagayawa. Dalilin da ya sa ake cewa a raba abincin biyu ke nan, a kuma bar shi ya huta bayan ya ci. Bayan la'asar cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita sai yawu, yana kai da kawo ya kasa kwanciya. Wannan ciwo awoyi kaɗan yake bayarwa, kuma sai da tiyata. Baba maigadi ya zo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, karen nan fa ba lafiya." Ka ce, "Ƙoshi ne, bai saba ba. Ƙyale shi."

Kafin asuba ya sandare a ƙarshen sarƙarsa. Nan take ka gano musabbabi, da kaifin basirar nan da aka san ka da ita: maƙiya ne suka ba shi guba, da sakacin maigadi. Aka zaftare wa Baba rabin albashinsa, aka sa almajirai biyu suka ja gawar zuwa bola. Kafin a gama suyar naman Sallah ka kira mai sayar da karnuka, ka ce wancan ba shi da ƙwari, a kawo maka Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda ya fi shi girma da tsada, a haɗo da sarƙa mai kauri.