Gwangwanin tumatir

Har yanzu idan na yi kaki gazuwal nake ji, don haka gara in ba da labarin da bakina kafin ƴan Bande su ƙara masa gishiri.

Kawu ya tafi Damagaram ya bar mini amanar tarakta, tsohuwar Massey Ferguson da muke kai taki fadamun rake na Korama da ita. A jikin salansarta, mai tsaye tana kallon sama, an ɗaure wani gwangwanin tumatir mai tsatsa da waya, ana kifa shi a baki idan an ajiye ta. Ni kuwa da yamma zan bi ta ƙofar gidan su yarinyar da nake nema, ga abu yana ƙwalam-ƙwalam kamar akuyar kuka. Na tsinke shi na wurga cikin gero.

Daren nan aka kwana ana ruwan Agusta. Da safe na murɗa makulli, inji ya ce ƙwas sau ɗaya, ya yi shiru.

Makanike ya zo daga Magariya a kan babur. Ya zaro sandar awo, sai ga baƙin mai ya koma kunun gyaɗa. Ya ce ruwa ya bi salansa ya kwanta a kan fistin; iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, kuma da batir na da ƙarfi da sandar fistin ta zama lauje. Sannan ya tambayi gwangwani. Na ce yara.

Kafin ya kwance nozul 4 ɗin, unguwa ta taru. Wani tsoho mai shanun noma ya zagaya taraktar sau biyu yana dogara sanda.

"Ɗana, ku kifa ta. Yaro in ya sha ruwa a tapki, kifa shi ake yi a danna ciki."

"Baba, ta fi tan 2 fa."

"To ku ɗura mata kanwa. Bijimina da ya kumbura bara, ita ta tashe shi."

"Baba, ai kanwa da ruwa ake jiƙa ta."

"Wancan ruwan sama ne, wannan na magani. Ba su haɗu ba."

Makanike ya hau, ya ce kowa ya matsa. Kowa ya matsa ban da ni, saboda daidai lokacin na hango baban yarinyar tafe da carbi. Na ce bari ya gan ni cikin aiki. Na gyara farar rigata, na sunkuya, na saka ido a ramin nozul kamar likita, sannan na ɗan ɗago don gaisuwa.

"Baba, ina kwa..."

Ku gwada faɗin "kwa" ku ga yadda baki ke buɗewa. Da a kan "ina" aka murɗa makullin, da haƙora sun tare. A kan "kwa" aka murɗa. Ruwan da ya kwana cikin toka da gazuwal ya fito kamar an harba bindiga, rabi a hanci, rabi a maƙogwaro. Hulata ta tashi, na ga tashinta da ido ɗaya. Kuma injin bai tsaya ba, ya sake juyawa ya ƙara mini, ni kuma ina nan a sunkuye baki buɗe, don tarbiyya ta hana ni katse gaisuwar surukai. Na haɗiye. Wallahi na haɗiye, na ƙarasa: "...na?"

Baban yarinya ya dube ni daga hular da babu zuwa rigar da ta zama ta makanike, ya ce, "Lafiya lau, samari. Ya aiki?"

Tsoho ya buga sanda a ƙasa.

"Kun gani? Ta yi aman da kanta. Yanzu sai ku kifa shi."